Baƙo da Rumbun Gandu

Idan muka waiwayi ƙauyukan ƙasar Hausa na farkon ƙarni na 20, za mu tarar saukar ɗan'uwa ba nauyin mutum ɗaya ba ne, nauyin gandu ne. Gandu kuwa shi ne gonar gida, inda uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, kan yi noma tare, a zuba amfanin a rumbu guda. Daga wannan rumbu ake ɗibar damin da za a sussuka wa baƙo, ba daga gayaunar kowa ba. Shi ya sa ba a cika tambayarsa ranar tafiya ba. In ya zo da kaka, a sallame shi da gero. In damina ta riske shi, ya karɓi fartanya ya bi sahu.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya sun sa wa matasa kuɗi a hannu, kuɗi kuwa ba su san rumbun haɗaka ba. Lokacin da Polly Hill ta wallafa nazarinta kan Batagarawa a 1972, gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba ya riga ya yi ƙaranci. Farin 1973 ya ƙara watsa magidanta birane.

Mu da aiki ko karatu ya kawo kudu mun ga ƙarshen lamarin. Baƙonmu na yau mudun kasuwa yake ci, daga albashin mutum ɗaya, kuma tun a tasha muke lissafin kwanakinsa a zuci.