Tarihin Noman Banila

Banila tsiro ce mai yaɗo daga dangin furannin da ake kira okid, dangin da ke da iri fiye da 25,000. A cikinsu duka, ita ce aka fi nomawa don abinci. Irin da ya mamaye kasuwa shi ne wanda masana ke kira Vanilla planifolia. Tana son zafi da danshi da 'yar inuwa, tana kama bishiya da saiwoyinta ta hau, kuma sai ta kai kimanin shekara 3 kafin ta fara fure. Ƙamshin da duniya ta san ta da shi yana cikin 'ya'yanta, waɗanda dogaye ne sirara kamar kwanson wake.

Asalinta dazuzzukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Ƙabilar Totonak ta gaɓar Berakurus, musamman yankin Papantla, ita ta shahara da ita tun da daɗewa. Mutanen daular Aztek suna zuba ta a abin shansu na koko. Bayan Hernan Kortes ya ci daular a 1521, 'yan Sifaniya suka kai banila Turai, masu hannu da shuni suka kamu da sonta.

Daga nan aka shafe kusan shekara 300 Meziko kaɗai ke sayar da ita. An kai dashenta lambunan Turai da tsibiran da Turawa suka mallaka, ta kama, ta yi yaɗo, ta yi fure, amma 'ya'ya sai a hankali. Dalili yana cikin furen. Namiji da mace suna cikin fure ɗaya, sai dai akwai wata 'yar fata siririya da ta raba su. A Meziko wasu ƙudajen zuma na can ne ke shiga su haɗa su; inda babu su, furen ya buɗe da safe, ya yi yaushi kafin yamma, ya faɗi. Kwana ɗaya tak yake yi.

A 1836 wani masanin tsirrai, Charles Morren, ya yi nasarar yi wa furen barbara da hannu a birnin Liyej na Beljiyam. Hanyarsa ba ta bazu a gonaki ba. Wanda ya warware matsalar yaro ne ɗan shekara 12, bawa, mai suna Edmond, a tsibirin Reyuniyon da ke Tekun Indiya, wanda a lokacin ake kira Burbon. A 1841, a gonar ubangidansa Ferreol Bellier-Beaumont da ke Sainte-Suzanne, ya gano cewa da ɗan tsinke ana iya ɗaga fatar nan, sannan a matse namijin a kan macen da babban yatsa. Aikin daƙiƙu kaɗan ne, kuma duk mai nutsuwa zai iya koyonsa. Ubangidan ya riƙa tura shi gona-gona yana koya wa sauran bayi.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Jean Michel Claude Richard, ya ce shi ya koya wa yaron, sai da Bellier-Beaumont ya rubuta ya ƙaryata shi. Edmond ya sami 'yanci a 1848, shekarar da Faransa ta haramta bauta, aka ba shi sunan Albius. Masu gonaki suka yi arziki, shi kuwa ya sha ɗauri a kan zargin sata, ya rasu cikin talauci a 1880. Har yau da hanyarsa ake aiki a kusan duk inda ake noman banila.

Barbara rabin aiki ce. 'Ya'yan sukan ɗauki wata 8 zuwa 9 kafin su ƙosa, kuma ɗanyensu ba shi da ƙamshi. A tsarin da aka saba a Tekun Indiya, ana tsoma su a ruwan zafi na 'yan mintuna, a naɗe su da bargo su yi gumi, a riƙa shanya su a rana ana kwashewa, a ƙarasa busarwa a inuwa, sannan a rufe su a akwati na watanni. A nan suke komawa baƙaƙe masu maiƙo da taushi. Kilo 5 zuwa 6 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. Shi ya sa a kayan ƙamshi na girki za'afaran ne kawai ya fi ta tsada.

Masana sinadarai ba su zauna ba. A 1858 Nicolas-Theodore Gobley ya ware banilin, sinadarin da ke ba banila ƙamshinta, a 1874 kuma Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann suka haɗa shi a Jamus. Yau mafi yawan ƙamshin banila na masana'anta ne, har da filebon da ake zubawa a kek da cincin a kasuwanninmu.

Daga Reyuniyon noman ya tsallaka Komoros da Madagaska a ƙarshen ƙarni na 19. Madagaska ce ke kan gaba a duniya, musamman yankin Sava da ya haɗa Sambava da Antalaha da Vohemar da Andapa. Indonesiya da Yuganda da Papuwa Sabuwar Gini ma suna nomawa, Tahiti kuma tana da irinta daban.

Yawancin manoman Madagaska ƙanana ne, kuma farashi ba ya tsayuwa wuri ɗaya. Bayan guguwar Enawo ta watan Maris na 2017, kilo ya kai kimanin dala 600, daga baya ya faɗi warwas. Lokacin tsada sata takan yi yawa. Manoma sukan kwana a gona suna gadi, wasu su tsattsaga wa kowane kwanso shaidarsu da allura tun yana ɗanye, shaidar da ba ta ɓacewa ko bayan ya bushe. Wasu kuma tsoron ɓarayi kan sa su tsinke 'ya'yan kafin su ƙosa, abin da ke rage ƙamshi ya karya daraja. Saboda haka hukumomin ƙasar suke tsayar da ranar buɗe kasuwar ɗanyar banila a kowane yanki duk shekara.