Daga Bango Zuwa Tsirkiya: Me Kiɗa Ke Iya Ɗauka Daga Gidan Tarihi?

Duk wanda aka ba aikin tsara wa gidan tarihi kiɗan okestira, da lokaci zai fara kokawa. Mai ziyara shi ke da ikon ƙafarsa, ya tsaya, ya koma baya, ya tsallake ɗaki. Mai sauraro kuwa yana zaune, sauti na wuce shi bisa tsarin wani. Don haka a ganina siffar gini ba ta ƙetarawa zuwa kiɗa. Ma'auninsa ne ke ƙetarawa.

Iannis Xenakis, injiniya ɗan Girka da ya yi aiki a ofishin mai zanen gine-gine Le Corbusier a Faris, ya nuna haka a kiɗansa Metastaseis, wanda aka fara kaɗawa a Donaueschingen a 1955. Makaɗa 61 ne, 46 daga cikinsu masu kayan tsirkiya irin dangin goge, kowa da layinsa. A takardar zane ya ja miƙaƙƙun layuka, kowanne yana nuna yatsa na zamewa kan tsirkiya daga wannan sauti zuwa wancan. Da layukan suka taru sai suka haifi lanƙwasa. Da wannan dabara ya zana rumfar Philips a bajekolin Brussels na 1958. Lissafi ɗaya ya ɗauki bango da kiɗa.

Gidan Tarihin Yahudawa na Berlin, da aka buɗe a 2001, ta wancan gefen ya biyo. Daniel Libeskind ya ce ya zana shi yana tunanin Moses und Aron, wasan opera na Schoenberg wanda babinsa na uku ya tsaya a kalmomi, babu kiɗa. Cikin ginin mai karkace-karkace akwai dogayen wurare na siminti tsirara, ba a ajiye kayan tarihi a yawancinsu ba. A nan tarkon yake: mai tsara kiɗa zai so ya fassara su da shiru. Wannan araha ce, kowane ɗalibi zai iya. Aikin gaske shi ne auna tazarar da ke tsakaninsu, da yadda suke katse wa mutum tafiya, a gina tsawon sassan kiɗan a kai.

Za a ce kunne ba ya jin lissafi. Haka ne, ido ma ba ya ganin harsashin gini. Amma kiɗan da ya dogara ga bayanin da aka buga a takardar shiri kafin a gane alaƙarsa da gini, bai ɗauki komai daga ginin ba sai sunansa.