Nanozaim: Tarihin Ƙwayoyin da ke Kwaikwayon Enzaim

Nanozaim ƙananan ƙwayoyi ne da ake ƙerawa daga baƙin ƙarfe, zinariya ko kabon. Yawanci girmansu tsakanin nanomita 1 ne zuwa 100, amma suna yin aikin enzaim, wato furotin ɗin da ke hanzarta sarrafuwar sinadarai a jikin mai rai.

Sunan ya fito ne a 2004, daga Paolo Scrimin da abokan aikinsa na Jami'ar Padova a Italiya, waɗanda suka yi gwaji da ƙwayoyin zinariya. Sai dai fannin bai kankama ba sai a 2007, a Cibiyar Nazarin Bayofiziks ta Beijing. Kafin nan masana na ɗaukar ƙwayoyin maganaɗisu na Fe3O4 a matsayin 'yan dako kawai, ana ɗora musu enzaim su kai shi inda ake so. Tawagar Yan Xiyun ta wannan cibiya ta gano cewa su kansu ƙwayoyin suna aiki: da an zuba su cikin ruwan da ke ɗauke da H2O2 da sinadarin TMB, ruwan da yake garau sai ya rikiɗe shuɗi, tamkar an sa enzaim ɗin HRP da ake tatsowa daga saiwar wani tsiro don gwajin ELISA. Wannan shuɗin shi ne ginshiƙin yin awo da ƙwayoyin, domin ido ma yana iya ganinsa.

A 2008 Hui Wei da Erkang Wang suka auna sukarin gulukos da ƙwayoyin Fe3O4 ɗin. A 2015 kuma, ana tsaka da annobar Ebola a Afirka ta Yamma, tawagar Yan ta fitar da tsinken gwaji wanda ya ninka tsinken da aka saba da shi wajen sau 100 a kaifin gano ƙwayar cutar. Ƙungiyar IUPAC ta sa nanozaim cikin manyan sababbin fasahohin kimiyyar sinadarai 10 na 2022.

Abin da ya sa ake ɗokinsa a fili yake. Enzaim na asali yana da tsada, zafi na lalata shi, sai da firiji. Nanozaim kuwa yana jure zafi da daɗewa a ajiye, abin da duk ƙaramin asibitin da ke fama da ɗaukewar wuta zai so. Rauninsa shi ne rashin tantancewa: bai iya ware sinadari guda daga 'yan uwansa kamar enzaim na gaske ba, kuma na baƙin ƙarfe ya fi ƙarfi a ruwa mai tsami, ba irin na jini ba. Muddin ba a magance wannan ba, zai ci gaba da zama mataimaki ne a ɗakin gwaji, ba magaji ba.