Labarin Maganin Ƙanjamau ga Mata Masu Ciki

Sa'ad da ciwon ƙanjamau, wanda muke ce da shi Sida, ya shigo ƙasashenmu, mace mai ciki ba ta da abin da za ta tsare ɗanta da shi. Cikin jarirai 100 na mata masu ciwon, 15 har zuwa 45 sukan kamu, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono.

Cikin shekara ta 1994 likitocin Amurka da Faransa suka gwada wani magani, AZT, ya rage kamuwar jarirai da wajen kashi biyu cikin uku. A 2011 kuma ƙasar Malawi ta soma ba kowace mai ciki mai ciwon magani, ta riƙa sha muddin ranta.

Duk da haka tsoro bai ƙare ba. Wata tana gudun kada magani ya ɓata cikin, wata kuwa kada miji ya ga kwalba ya kore ta. A 2018 labari ya fito daga Botswana, wai sabon magani, dolutegravir, yana iya lahanta ƙashin bayan jariri. Da aka ƙirga haihuwa masu yawa, sai aka tarar hatsarin kaɗan ne ƙwarai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mata masu ciki su sha shi.

Saboda haka kada mu tsauta wa mai jin tsoro, gama domin ɗanta take yi. Mu raka ta awo, mu rufa mata asiri. Inda uwaye suka soma shan magani da wuri, suka riƙe shi, jariran da ke kamuwa ba su kai 5 cikin 100 ba.