Besbol a Amurka: yadda ake hasashen kakar wasa, da yadda ake auna ɗan wasa bayan ya ajiye sanda

Sau biyu a shekara masu bin wasan besbol a Amurka kan shiga gardama mai zafi alhali ko ƙwallo ɗaya ba a jefa ba. Ta farko a watan Janairu, lokacin da ake bayyana sunayen tsofaffin ƴan wasan da aka zaɓa su shiga Zauren Gwanaye na garin Cooperstown. Ta biyu a Fabrairu da Maris, lokacin da jaridu da shafukan intanet ke fitar da hasashen yadda kakar wasa mai zuwa za ta kaya. Duka biyun da alƙaluma ake yin su, domin sama da shekara 100 ke nan ana rubuta kowane jifa da kowane bugu na wannan wasa.

Wasan a taƙaice

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9 a fili. Mai jifa na wannan ɓangare yana jefa ƙwallo, mai bugu na wancan ɓangare yana ƙoƙarin dukanta da sanda. In ya doke ta, sai ya ruga ya taka tashoshi uku ɗaya bayan ɗaya, ya dawo inda ya tashi. Wanda ya kammala kewayen ya ci wa ƙungiyarsa maki 1. In ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, shi ake kira homran, mai bugu da duk abokansa da ke kan tashoshi sai su kewayo babu mai tare su. Wasa zagaye 9 ne.

Babbar gasar ƙwararru, MLB, tana da kulob 30: 29 a Amurka, 1 a birnin Toronto na Kanada. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba kowane kulob na buga wasa 162, kusan kullum ke nan. Tun daga 2022 kulob 12 ne ke wucewa zuwa wasannin sili-ɗaya-ƙwale na watan Oktoba, waɗanda ke ƙarewa da World Series, inda wanda ya riga cin wasa 4 cikin 7 ke ɗaukar kofi.

Yadda ake ƙirga gobe

Wanda ya buɗe wannan hanya shi ne Bill James, wani mutumin jihar Kansas da ya fara buga ƴan littattafansa na lissafin besbol a 1977, yana aikin gadin dare a wata masana'antar abincin gwangwani. Cikin abubuwan da ya gano har da cewa yawan makin da kulob ya ci da wanda aka ci shi sun fi yawan nasarorinsa nuna ainihin ƙarfinsa. Kulob ɗin da ya yi ta cin wasanni da tazarar maki 1 yawanci sa'a ce ta taimake shi, kuma sa'a ba ta cika maimaita kanta a shekara ta gaba ba. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, ƙarin maki 10 a kaka daidai yake da ƙarin nasara 1.

Tsare-tsaren hasashe na yau kan wannan tushe suke. Mafi sauƙinsu, wanda Tom Tango ya ƙirƙira, an raɗa masa suna Marcel, sunan wani biri na wasan talabijin, don a nuna cewa ko biri zai iya yin sa. Ana ɗaukar sakamakon ɗan wasa na shekara uku da suka wuce, a fi ba ta kusa nauyi, a jawo adadin kaɗan zuwa matsakaicin sauran ƴan wasa, sannan a duba shekarunsa, tunda yawancinsu wajen shekara 27 suke kai ƙololuwa. Abin da ke ba manyan masana kunya shi ne tsare-tsare masu tsada da wuyar lissafi kaɗan kawai suke fin wannan birin.

Wanda ya fi suna shi ne PECOTA, wanda Nate Silver ya fitar a 2003 a shafin Baseball Prospectus, kafin ya koma hasashen zaɓen shugaban ƙasar Amurka. PECOTA na laluben tarihi ne ya nemo tsofaffin ƴan wasan da suka yi kama da na yau a shekaru, da jiki, da salon wasa, sai ya duba yadda ta ƙare da su. A 2007 ya ce Chicago White Sox, da suka ɗauki kofi shekara biyu kafin nan, za su ci wasa 72 su faɗi 90. Magoya bayansu suka yi ta tsaki, kuma haka ɗin aka yi, babu ragi babu ƙari. A 2015 kuwa ya ba Kansas City Royals nasara 72. Suka ci 95, suka ɗauki World Series. Abin dariya a nan, sunan tsarin daga Bill Pecota aka samo shi, tsohon ɗan wasan Royals ɗin.

Irin wannan kuskure yana da dalili na lissafi. Ko da an san ƙarfin kulob sarai, sa'a kaɗai tana iya ɗaga nasarorinsa ko ta rage su da wajen 6 cikin wasa 162, wani lokaci ma fiye. Ga rauni, musamman a gwiwar hannun masu jifa, ga cinikin ƴan wasa a tsakiyar kaka. Kuɗi ma ba su da tabbas: New York Mets sun fi kowa kashe kuɗin albashi a 2023, suka ƙare da nasara 75 da faɗuwa 87.

Watan Oktoba kuma ya fi ƙarfin kowace kwamfuta. A besbol kulob mafi ƙarfi yakan faɗi wasa 1 cikin 3, mafi rauni yakan ci 1 cikin 3, don haka karawar wasa 5 ko 7 ba ta isa ta bambance gwani ba. Seattle Mariners sun ci wasa 116 a 2001 amma ba su kai World Series ba. Los Angeles Dodgers sun ci 111 a 2022, San Diego Padres suka fitar da su a karawarsu ta farko. St. Louis Cardinals kuwa da nasara 83 kacal suka ɗauki kofi a 2006. Shi ya sa masu hasashe na kirki ba sa cewa wane ne zai ci. Suna cewa wane yana da kashi kaza cikin 100.

Ƙofar Cooperstown

Cooperstown ƙaramin gari ne a jihar New York. An yi zaɓen farko a 1936, aka zaɓi mutum 5, ciki har da Ty Cobb da Babe Ruth, aka buɗe gidan a 1939. Masu jefa ƙuri'a ƴan jaridar besbol ne da suka shekara 10 a ƙungiyarsu, BBWAA. Ɗan wasa sai ya buga kaka 10, ya kuma shekara 5 da yin ritaya, kafin sunansa ya hau takarda. Kowane ɗan jarida na iya zaɓar mutum 10 ko ƙasa da haka. Wanda ya samu kashi 75 cikin 100 ya shiga. Wanda ya gaza kashi 5 an cire shi. Sauran suna da damar shekara 10. Bayan nan sai dai wani kwamiti na mutum 16, inda ake buƙatar ƙuri'a 12.

Ƴan jaridar nan suna da rowa. Babe Ruth kansa bai samu ƙuri'ar kowa da kowa ba. Har yau mutum ɗaya ne ya samu: Mariano Rivera, mai jifa ɗan ƙasar Panama, da ƙuri'a 425 cikin 425 a 2019. Derek Jeter ya rasa guda ɗaya a 2020, haka ma Ichiro Suzuki na Japan a 2025.

A da akwai lambobin da ake ɗauka tamkar mabuɗin ƙofa: bugu mai kyau dubu 3, homran 500, ko nasara 300 ga mai jifa. Yanzu an fi duba wani ma'auni da ake kira WAR, wanda ke haɗa bugu da gudu da tsaron fili wuri ɗaya, ya faɗi nasara nawa ɗan wasa ya ƙara wa kulob ɗinsa in aka gwada shi da wanda za a iya ɗaukowa daga ƙaramar gasa a kowane lokaci. Kulob ɗin da duk irin waɗannan ne ƴan wasansa zai ci wajen wasa 48 a kaka. Ɗan jarida Jay Jaffe ya ƙara wani mataki: yana haɗa WAR na duk rayuwar wasa da na shekara 7 mafi kyau, don kada tsawon zama a fili ya rinjayi gwaninta. Wannan sabon lissafi ya ceci mutane. Scott Rolen ya fara da kashi 10 cikin 100 a 2018, ya shiga a 2023, ba tare da ya sake taɓa sanda ba. Masu ƙuri'a ne suka koyi daraja tsaron fili. Nan ne hasashe da auna tarihi suke haɗuwa, domin dabarar nemo masu kama da juna da PECOTA ke amfani da ita ta samo asali ne daga Bill James, wanda ya yi aiki da ita a littafinsa na 1994 kan wa ya cancanci shiga Cooperstown.

Inda lamba ba ta isa ba

Dokar zaɓen ba ƙwarewa kaɗai ta ambata ba, ta ce a duba gaskiyar mutum da halinsa. Wannan jimla ita ce ta tsayar da mutum biyu da alƙaluma suka ce suna cikin mafi girma a tarihi. Barry Bonds ya fi kowa homran, 762, da 73 a kakar 2001 kaɗai, kuma sau 7 ana zaɓarsa gwarzon shekara. Roger Clemens ya ci wasa 354, ya karɓi lambar gwarzon masu jifa sau 7. Duka biyun an zarge su da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma sunayensu sun fito a rahoton tsohon sanata George Mitchell na Disamba 2007. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar rantsuwar ƙarya a 2012. Hukuncin da aka yanke wa Bonds a 2011 na kawo cikas ga shari'a kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015. Duk da haka a shekararsu ta ƙarshe, 2022, Bonds ya tsaya a kashi 66, Clemens a 65. A Disambar wannan shekara kwamitin mutum 16 ya duba su, kowannensu bai kai ƙuri'a 4 ba.

Masu hana su suna cewa karramawa ce, ba hakki ba, kuma akwai ƴan wasan da suka ƙi shan komai suka rasa gurbinsu da abincinsu saboda masu sha. Hujja ce mai nauyi. Sai dai ɗaya ɓangaren ma na da tasa. Gwajin ƙwaya mai hukunci bai fara a MLB ba sai 2004. Bonds ya riga ya zama gwarzon shekara sau 3, a 1990 da 1992 da 1993, kafin shekarun da ake zargi. Bud Selig, wanda ya shugabanci gasar a duk wancan zamani da filaye ke cika saboda homran, an shigar da shi zauren a 2017. Da wuya a kare tsarin da ya buɗe wa mai gida ƙofa ya rufe wa ma'aikatan da suka tara masa dukiya.

Shekaru da dama launin fata ma ya hana a ƙirga wasu. Kafin Jackie Robinson ya sa rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947, baƙaƙen fata a gasanninsu na daban suke wasa. Josh Gibson, wanda ake ganin ya fi kowa bugu a cikinsu, ya rasu a Janairun wannan shekarar yana da shekara 35, wata uku kafin a buɗe ƙofar. A Disamba 2020 MLB ta amince cewa bakwai daga cikin waɗannan gasanni, tsakanin 1920 da 1948, manyan gasanni ne, a Mayu 2024 kuma ta haɗa alƙalumansu da nata. Nan take Gibson ya zama na ɗaya a tarihi wajen yawan dacewar bugu, 372 cikin kowane 1000, ya ture Ty Cobb mai 367. Masu suka sun ce kakar waɗancan gasanni gajera ce. Amsar da aka ba su ita ce Cobb da Ruth ma ba su taɓa fuskantar baƙin mai jifa a gasa ba.

Irin wannan tambaya ta shafi Ichiro. Ya zo Amurka yana da shekara 27, ya tara bugu mai kyau dubu 3 da 89, bayan dubu 1 da 278 da ya yi a Japan. In an haɗa, ya wuce Pete Rose mai dubu 4 da 256, amma MLB ba ta ƙirga na Japan, don haka kambun na Rose ne.

Shi kuwa Rose ba ƙwaya ce ta hana shi ba, caca ce. A 1989, yana kocin Cincinnati Reds, aka kore shi daga besbol har abada bisa zargin yin caca kan wasanni, har da na kulob ɗinsa. Ya musanta tsawon shekara 15 kafin ya amsa a 2004. A 1991 hukumar zauren ta kafa dokar cewa korarre ba ya hawa takardar zaɓe. Rose ya rasu ranar 30 ga Satumba 2024. A Mayu 2025 shugaban MLB, Rob Manfred, ya yanke cewa kora tana ƙarewa da mutuwar mutum, abin da ya shafi har Joe Jackson na badaƙalar sayar da World Series ta 1919. Wannan bai shigar da su zauren ba, dama ce kawai ta a duba su, kuma kwamitin da zai iya yin hakan sai Disamba 2027 zai zauna.