Tseren Keke Daga Tsibirin Mayorka Zuwa Hanyar Sokode da Dapaong

Duk ƙarshen watan Janairu, idan na zo karanta labarin wasanni a gidan rediyo, akwai sunan wani tsibiri da ba ya ɓacewa a cikin takardun da ke gabana, wato Mayorka ta ƙasar Sifaniya. Can ne manyan 'yan tseren keke na Turai ke buɗe shekararsu. Masu saurare da yawa kan tambaye ni me ya haɗa mu da wannan labari, mu da muke zaune tsakanin Sokode da Dapaong a arewacin Togo. Amsar tana cikin tarihin hanyar da ta ratsa garuruwanmu, da kuma tarihin tseren da ke bin ta, shi ya sa na ga ya dace in kawo su a jere domin mu auna.

Yadda abin yake a Mayorka

Mayorka tsibiri ne a tekun Bahar Rum, babban birninsa Palma. Tun shekarar 1992 ake gudanar da gasar da ake kira Challenge Mallorca, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Tsarinta ya sha bamban da na Tour de France. A Tour de France, wanda ya fara sai ya gama kowane zango kafin a bar shi ya shiga na gaba, kuma lokacin da ya ɓata a dukkan zangunan ake tarawa a fitar da zakara. A Mayorka kuwa kowace rana tseren kanta ne, da kofinta da zakaranta. Akwai kofin Palma, da na Kalbiya, da na Alkudiya, da na tsaunukan Taramuntana. Ƙungiya takan zo da 'yan wasa da yawa, yau ta sa masu gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, gobe ta hutar da su ta sa gwanayen hawan dutse.

Abin da ya ja su zuwa can ba ɓoyayye ba ne. A watan Janairu sanyi da ƙanƙara sun rufe Beljiyam da Holan da arewacin Faransa, amma Mayorka na da sanyi mai sauƙi. Otal-otal ɗin da aka gina domin masu yawon buɗe ido na lokacin zafi suna zaune babu kowa, don haka masu su na murna da baƙin keke. Ga kuma tsaunuka a arewa maso yammacin tsibirin da fili a tsakiyarsa. Mutanen Mayorka sun duba abin da Allah ya ba su a lokacin da kasuwa ta mutu, suka mai da shi sana'a.

Mu 'yan Afirka muna da dalilin tuna wannan gasa. A watan Janairun 2022 wani matashi ɗan Eritiriya, Biniam Girmay, ya ci kofin Alkudiya. Bayan wata biyu ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci irin wannan babban tseren yini ɗaya. A watan Mayu na shekarar ya ci zango a Giro na Italiya, sannan a 2024 ya ci zango uku a Tour de France tare da koriyar riga ta gwanin gudu. Amma kafin duk wannan, a Afirka aka fara jin sunansa, lokacin da ya ci zango a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon a Janairun 2019, yana ɗan shekara 18. Ke nan ƙaramin tseren farkon shekara shi ne ƙofar da ake shiga.

Hanyarmu kafin zuwan keke

Hanyar da 'yan tsere ke bi a yau a arewacin Togo tana da dogon tarihi. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Hanya ɗaya kan bi ta Borgu da Jugu ta ratsa ƙasar Kotokoli, inda Sokode take. Wata kuma kan bi ta ƙasar Gurma ta sauka Mango, garin da cikakken sunansa Sansanne-Mango, kuma duk Bahaushe ya ji kalmar sansani a ciki. Wannan fatauci ne ya kafa zangunan Hausawa a waɗannan garuruwa, ya kuma ƙarfafa unguwar Musulmi ta Didawure a Sokode.

Jamusawa sun kafa mulkinsu a gaɓar tekun Togo a 1884, suka kai ga kafa barikinsu a Sokode wajen ƙarshen ƙarni na 19. A 1914 aka kore su, Faransa ta karɓi yankin da ya zama Togo ta yau. Wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, layin dogo da ya taso daga Lome ya tsaya ne a Bilita a 1934, bai taɓa isowa Sokode ba, balle Dapaong. Saboda haka arewa ta dogara kacokan ga hanya guda, wadda yanzu ake kira hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Daga Lome zuwa Sokode kimanin kilomita 340 ne, zuwa Dapaong kuwa ya haura 600, sannan ta ƙare a Sinkase, bakin iyaka da Burkina Faso. Ta nan manyan motocin kaya daga tashar jiragen ruwan Lome ke wucewa zuwa Burkina da Nijar da Mali.

Keke ya shigo ya samu gurbi a wannan hanya a matsayin abin aiki. Manomi ya ɗora masa buhun gero ko doya, malamin makaranta ya hau shi zuwa ƙauye, ɗan kasuwa ya ɗaure masa kaji zuwa kasuwar mako. Kafin baburan haya da ake kira zemijan su cika gari, mallakar sabon keke abin alfahari ne ga saurayi. Har gobe a ƙauyukan Dapaong mata da 'yan makaranta na taka keke na tsawon kilomitoci a kullum. Ƙarfin ƙafa dai akwai shi, abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin gwada shi.

Zuwan gasa

Tseren zagayen ƙasa ɗan jarida ne ya haife shi, kuma wannan na burge ni saboda aikina. Jaridar L'Auto ce a ƙarƙashin Henri Desgrange ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 domin ta ƙara yawan masu sayenta, aka kuma fito da rawayar riga ta wanda ke kan gaba a 1919. A yankinmu, maƙwabciyarmu Burkina Faso ce ta yi fice, da ta fara Tour du Faso a 1987, zamanin Thomas Sankara. Wani ɗan Tarayyar Sobiyet ne ya ci na farko, amma daga baya 'yan gida suka karɓe, irin su Jérémie Ouédraogo a 2005, da Rasmané Ouédraogo a 2012, da Mathias Sorgho a 2018, da Paul Daumont a 2023.

Ba za a ba da wannan tarihi ba tare da ambaton Francis Ducreux ba, Bafaranshe tsohon ɗan tsere wanda ya taɓa hawa Tour de France, ya dawo ya zauna a Afirka ta Yamma. Hannunsa na cikin kafa Tour du Faso, kuma shekara da shekaru shi ne ginshiƙin shirya Tour du Togo da na Benin. Shi ke bin kamfanoni neman tallafi, shi ke haɗa motoci da masauki. Ya rasu a Wagadugu a 2021.

A shekarun baya, Tour du Togo yawanci cikin watan Afrilu ake yinsa, watan da ƙasar ke bikin samun 'yancin kai na 27 ga Afrilu, 1960. A shekaru da dama zangunansa sun taɓa Dapaong da Mango da Kara da Sokode kafin a gangara Lome. Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar wucewarsu ya san yadda abin yake. Jandarmomi kan wuce da jiniya, motocin talla na biye da kiɗa, sai ka ga tawagar ta zo a dunƙule ta wuce kamar ƙiftawar ido. Wannan dunƙulewa dabara ce. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe wajen keta iska. Shi ya sa kowace ƙungiya ke da masu hidima da ke tare wa shugabansu iska, suna ɗebo masa ruwa daga mota, har sai an kusa ƙarshe su sake shi. Jikan fatake ba zai yi mamakin wannan ba, domin ayari ma da jagaba a gaba yake tafiya.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa sunayen da nake karantowa a saman jerin sakamakon Tour du Togo na baƙi ne, musamman 'yan Burkina. Dalilin a bayyane yake. A Wagadugu ƙungiyoyin keke na fafatawa a kai a kai cikin shekara, yaro na tasowa yana ganin gwanayensa. Yaron Sokode ko Dapaong kuwa sau ɗaya a shekara yake ganin tsere, idan ma an biyo ta garinsa. Ba a koyon zama cikin tawaga mai gudun kilomita 40 a awa ta hanyar kallo.

Abin da muke da shi

Idan muka ɗora ma'aunin Mayorka a kan yankinmu, za mu ga ba mu rasa komai ba. Tsakanin Sokode da Kara, tafiyar kimanin kilomita 75, akwai hawan Alejo kusa da Bafilo, inda hanya ta tsaga dutse ta wuce ta tsakiyarsa. Gaba da Kara akwai tsaunin Defale kafin a isa Kante. Daga Mango zuwa Dapaong, kimanin kilomita 70, fili ne na masu gudu. An kuma gina hanyoyin kewaye domin manyan motoci su kauce wa Alejo da Defale, abin da ya rage cunkoso a tsoffin hawan. Kamar yadda hukumar UNESCO ta sa tsaunukan Taramuntana cikin kayan tarihin duniya a 2011, haka ta sa Kutammaku, ƙasar gidajen laka masu bene da ke gabas da Kante, tun 2004.

Sai batun lokaci. Afrilu na cikin watannin da zafi ya fi tsanani a Mango da Dapaong, inda yakan haura maki 40 a ma'auni. Disamba da Janairu kuwa lokacin hunturu ne, babu ruwan sama, safiya na da sanyi, manoma sun gama girbi. Ƙurar hunturu matsala ce ga ƙirji, ban musa ba, amma tseren da aka fara da hantsi aka gama kafin azahar ya fi wanda ake yi cikin zafin bazara sauƙi.

Tsarin Mayorka na tseren yini ɗaya-ɗaya shi ya fi dacewa da aljihunmu. Zagayen ƙasa na bukatar ciyar da ɗaruruwan mutane da kwanansu har mako guda. Tseren yini ɗaya kuwa gari ɗaya na iya ɗaukar nauyinsa. Sokode ta yi nata kofin, Kara ta yi nata, Dapaong ta yi nata, a jera su cikin mako ɗaya na Janairu. Yaron da ba zai iya kwana shida a kan sirdi ba zai iya gwada yini guda a ƙofar gidansu. A ware na 'yan mata, kamar yadda Mayorka ta fara nata na mata a 2024.

Babbar barazana

Sai dai akwai abin da ya fi kuɗi nauyi, wato tsaro. A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kai hari a Kpekpakandi, cikin yankin Kpenjal kusa da iyakar Burkina, suka kashe sojojin Togo 8. A watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Sabana, wadda Dapaong ce hedikwatarta. A Burkina ma an soke Tour du Faso na 2022 saboda rashin tsaro, kamar yadda aka soke na 2014 saboda cutar Ebola. Tseren keke ba a cikin filin wasa mai katanga ake yinsa ba, a kan buɗaɗɗiyar hanya ne, don haka shi ne wasan da ya fi saurin janyewa daga wurin da ake ɗar-ɗar. Tsorona shi ne a wayi gari taswirar tsere ta tsaya a Kara, matasan Dapaong su ƙara jin cewa an manta da su, alhali su ne masu neman ruɗar matasa suka fi kai wa farmaki. Ba na cewa a jefa rayukan mutane cikin haɗari. Ina cewa ko kewayen cikin gari ne, zagaye goma ko ashirin a titunan Dapaong ƙarƙashin kulawar jami'an tsaro, ya fi a bar garin babu komai.

Kammalawa

A watan Satumban 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Ƙasar da ta ga kisan kiyashi a 1994 ce ta kai ga haka, kuma da Tour du Rwanda ta faro, tana gina shi shekara bayan shekara. Sannu ba ta hana zuwa. Kirana ga hukumar tseren keke ta Togo, da magadan gari, da sarakunan zango, da attajiranmu masu motocin sufuri, shi ne su zauna su duba yiwuwar wannan jerin tsere na Janairu. Rasuwar Ducreux ta nuna cewa gasar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tana cikin haɗari, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Mu ma'aikatan rediyo namu shi ne mu watsa shi kai tsaye da Hausa da Kotokoli da Moba, mu kira sunayen yaranmu har iyayensu su ji a ƙauye. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya kiyaye matafiya a kan wannan hanya, amin.