Tarihin Baddala Littafin Shaihu Umar Daga Zube Zuwa Fim, 1934-2018

1.0 Gabatarwa

Baddalawa, a fagen nazarin adabi, ita ce a ɗauki aikin da aka tsara a wani rukuni a sake zuba shi a wani rukunin daban, kamar a mayar da ƙagaggen labari wasan kwaikwayo, ko a mayar da wasan fim. Wannan al'ada ta daɗe a Nijeriya. Littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, an fara yin fim ɗinsa a farkon shekarun 1970, sannan a 1987 Hukumar Talabijin ta Ƙasa ta sake shirya shi kashi-kashi, inda Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Haka kuma a 1970 aka mayar da wasan Wole Soyinka mai suna Kongi's Harvest fim. Sai dai waɗannan duk da Ingilishi aka rubuta su. Daga cikin littattafan da aka rubuta da harsunan gida, kaɗan ne suka sha juyi irin wanda Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan juyi daki-daki, ta kuma nuna abin da kowane zamani ya nema a cikin labarin.

2.0 Asalin Littafin

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, saboda ƙarancin abin karantawa a makarantu. Wannan gasa ce ta haifar da littattafai biyar da ake ɗauka su ne tubalin rubutaccen zube na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. A lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba.

Zubin labarin mai sauƙi ne. Wani shaihin malami ne zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki ya ba su labari. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wanda 'yan fada suka yi wa ƙage har sarki ya kore shi daga gari. Daga nan aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta fita daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi tamkar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyar kuwa ta bazama nemansa, ita ma aka bautar da ita. Sun sadu bayan shekaru, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Abin lura a nan shi ne lokacin da littafin ya fito. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayan watan Maris na wannan shekara, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Ashe ke nan, sa'ad da littafin ya shiga makarantu a 1934, akwai sauran waɗanda aka kama a hari da waɗanda suka yi kamun suna raye, wasunsu ma a gari ɗaya. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa marubucin ya zaɓi murya mai sanyi. Ya bayyana hari da cinikin bayi ƙarara, amma mai ba da labarin ya ɗora kome a kan ƙaddara da haƙuri, bai tsaya tsine wa kowa ba.

3.0 Fassara da Wasan Kwaikwayo

Juyi na farko ya zo ne bayan rasuwar marubucin. An kashe Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya, a juyin mulkin watan Janairun 1966. A 1967 fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi ta fito. Ta haka littafin da aka rubuta domin 'yan makarantar Arewa ya isa hannun masana tarihi na ƙasashen waje, waɗanda da yawansu suka karanta shi a matsayin shaida game da bauta da fataucin Sahara, fiye da yadda suka dube shi a matsayin adabi.

Juyi na biyu shi ne na dandamali. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan kwaikwayo ɗan asalin Tirinidad, suka mayar da labarin wasa, aka buga shi a 1975. Babbar matsalar da ke gaban mai irin wannan aiki a fili take. Littafin bakin mutum ɗaya ne, kuma duk abin da mai karatu ya sani ta bakin Shaihu ya ji shi. Dandamali kuwa ba ya rayuwa sai da muhawara. Dole a ba Makau da 'yan fada da mahaifiyar Umar bakin kansu, a ƙaga musu zantuka a wuraren da marubucin ya wuce da jimla ɗaya ko biyu. Da zarar an yi haka, sanyin muryar Shaihu ya daina zama labule tsakanin mai kallo da abin da ya faru. Uwar da aka raba da ɗanta tana tsaye a gaban jama'a, ana jin kukanta kai tsaye.

4.0 Fim ɗin 1976

Juyi na uku shi ne fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976. Halilu ya goge a aikin majigi tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, inda ake shirya finafinan wayar da kai ana zagayawa da su ƙauyuka. Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyin aikin, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, ana kuma shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas daga Janairu zuwa Fabrairun 1977. An yi fim ɗin da Hausa, tsawonsa ya haura sa'a biyu, ya kuma riƙe tsarin littafin na buɗewa da zaman malami da almajiransa.

A nan ma zamani ya nemi nasa. Shekara shida kacal da ƙare yaƙin basasa, ƙasa na bukatar abin da za ta nuna wa duniya a matsayin gadonta. Labarin da Firayim Minista na farko ya rubuta, mai ɗauke da fada da dawaki da ayarin raƙuma da zauren karatu, ya dace da wannan bukata. To amma a nan ne haɗarin baddalawa yake, domin na'urar ɗaukar hoto tana son ƙawa. Hawan dawakin da ke burge mai kallo shi ne kuma harin da ke mayar da 'ya'yan mutane bayi. Wannan tambaya, ta yadda za a nuna kyan al'ada ba tare da an lulluɓe ta'asar da ke cikin labarin ba, ita ce ya kamata mai nazarin fim ɗin ya fara yi.

Ba Shaihu Umar kaɗai ya bi wannan hanya ba. A shekarun 1980 gidan talabijin na Kaduna ya shirya Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda Ƙasimu Yero ya taka rawa, sannan a farkon shekarun 1990 Brendan Shehu ya mayar da wasan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina fim.

5.0 Ɓacewa da Dawowa

Bayan FESTAC fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Littafin ya ci gaba da yawo a makarantu da jami'o'i, ana ta sake buga shi, amma fim ɗin da gwamnati ta kashe wa dukiya sai labarinsa kawai ake ji, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa na asali a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin, a ƙasar Jamus, ta gyara shi ta mayar da shi tsarin kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, wato shekara 42 bayan shirya shi.

Ga masu nazarin harshe wannan asara ba ƙarama ba ce. Rubutu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali a daidaitacciyar Hausa, ba ya kuma ɗaukar yadda ake gaisuwa a fada ko yadda almajiri ke sassauta murya gaban malaminsa. Fim yana adana duk waɗannan. Tsawon shekara arba'in ɗin da faifan ya yi a kulle, an hana ɗalibai damar kwatanta Hausar da Tafawa Ɓalewa ya rubuta a 1933 da wadda 'yan wasa suka furta a 1976.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi Shaihu Umar daga gasar 1933 zuwa fassarar 1967, da wasan 1975, da fim ɗin 1976, da gyaran da aka nuna a 2018. An ga cewa kowane juyi ya amsa bukatar lokacinsa: makaranta ta nemi abin karatu, masana tarihi sun nemi shaida, gwamnati ta nemi abin tunƙaho. An kuma ga cewa ɗan ƙaramin littafin ya fi fim ɗin jure wa zamani, saboda yana da makarantu da maɗaba'a da ke riƙe da shi, fim kuwa bai sami mai kula da shi ba. Aikin da ya rage wa sassan harsunan Nijeriya shi ne su nemi kwafin irin waɗannan finafinai da shirye-shiryen talabijin, su ajiye su kusa da littattafan da aka ciro su, domin a riƙa nazarinsu tare.